Zamana da Mataji Mai Fitila a Banaras

Assalamu alaikum. Ni 'yar Zariya ce, haihuwar cikin ganuwa, kuma ban taɓa kawowa a raina zan zauna gida ɗaya da wanda ba Musulmi ba, balle mai gunki a ɗaki. Maigidana ne ya samu gurbin karatun digiri na uku a fannin noma a Jami'ar Hindu ta Banaras da ke Indiya, wadda Madan Mohan Malabiya ya kafa a 1916. Ya ce ba zai iya zaman shekaru shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Muka tattara ya namu ya namu, da ɗanmu da bai daɗe da yaye ba, muka tafi.

Tun da muka dawo mata ke tambayata ko da gaske ne Indiyawa wuta suke bauta wa, don duk mun taso muna ganin tiren nan mai fitila ana juya shi a finafinai. Amsar ba ta faɗuwa a tsaye a gidan biki, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani da idona da abin da aka gaya mini baki da baki.

Mun kama haya a unguwar Lanka, dab da babbar ƙofar jami'ar, a saman benen wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Kullum cikin farin sari take, kowa a layin Mataji yake ce mata, wato uwa, mu ma muka bi. Tana tare da jikarta, budurwa 'yar makaranta mai jin Turanci, ita ce tafintarmu, kuma tun ranar farko ta laƙaba mini didi, wato yaya. Sharaɗin gidan ɗaya ne: kada nama ya bi ta tsakar gidanta, don ita ko ƙwai ba ta ci. Matakalarmu ta waje ce, saboda haka bai dame mu ba.

Hancina ne ya riga idona sanin ibadarta. Kowace yamma, daidai lokacin da nake alwalar magariba, sai in ji 'yar ƙararrawa ta fara kaɗawa a ƙasa, muryar tsohuwar tana rera wani abu, can sai ƙamshin kafur ya biyo taga ya cika mana ɗaki. Mu kuwa kun san inda muka san kafur. Mahaifiyata ba ta daɗe da rasuwa ba a lokacin, ina cikin waɗanda suka tsaya wajen yi mata wanka, kuma ni na miƙa ruwan ƙarshe, wanda aka jiƙa kafur a ciki. Da zarar ƙamshin ya buge ni sai in gan ni a ɗakin nan, ga likkafani a ninke. Sau da yawa da ƙyar nake kai raka'a ta uku saboda kuka.

Jikar ce ta lura da idanuna, ta matsa mini da tambaya har na gaya mata. Washegari sai ga Mataji da kanta ta hawo bene, tana dafa gwiwa a kowane tsani. Ta zauna a bakin gado, ta kama hannuna ta ce, "Beti," wato 'yata, "ban sani ba." Daga nan ta sa yarinyar ta fassara mini dalilin ƙona kafur ɗin. Ta ce duk abin da ka ƙona a duniya sai ya bar toka ko gawayi, ban da kafur. Shi yakan ci da wuta, ya ba da haske, ya ba da ƙamshi, ya tafi gaba ɗaya, ka duba kaskon ba ka ga komai ba. Ta ce haka ake so mutum ya ƙare a gaban wanda yake bauta wa, girman kai da "ni ce, nawa ne" su ƙone ƙurmus, kada ko ɗigo ya rage. Ta ce ita da ta tsufa, kullum in ta kunna shi kanta take tunawa.

Maganar ta zauna mini. Mu muna sa wa mutum kafur ranar da komai nasa ya ƙare, ya bar gida da dukiya da suna. Ita kuma tana ƙona shi kowace yamma don ta tuna wa kanta wannan ƙarewar tun tana da rai. Daga ranar ta koma rufe tagar da ke kallon tamu kafin ta fara, duk da zafin Banaras da ba a magana. Ban roƙe ta ba, ita ta ga dama.

Bayan wani lokaci ta ce in sauko in gani, in ina so. Na shawarci maigida. Ya ce, "Kallo daban, shiga daban. Ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki sunkuya wa komai, kada ki ci abin da aka ajiye a gabansu." Haka na yi, bayan na idar da sallata.

Wurin ɗan lungu ne a falonta, da 'yar kanta ta katako. A kai akwai hotuna da ƙananan gumaka na tagulla, an rataya musu furanni ruwan ɗorawa. Sai ta fara kunna wata 'yar fitilar kasko a gindin tulsi, wani ɗan tsiro dangin ɗaɗɗoya da suke girmamawa, wanda ke tsakar gida. Fitilar, diya suke ce mata, ba ta da maraba da aci-bal-bal ɗin kakanninmu, sai dai man shanu ake zuba mata, lagwanin kuma auduga ce da ta murza da yatsunta. Sannan ta dawo ciki ta ɗauki tiren tagulla. A kansa akwai fitila mai baki 5, furanni, 'yar shinkafa, jan garin da suke ɗigawa a goshi, da turaren tsinke. Ƙararrawa a hannun hagu, fitila a dama, ta shiga juya ta a gaban gumakan yadda hannun agogo yake tafiya, daga ƙafafu ta hau zuwa fuska, tana rerawa, jikar tana tafi a hankali. Kafur ne na ƙarshe. Wannan duka shi ne arti.

Abin da na fara ganewa shi ne, wutar ba ita aka fuskanta ba, ita ce kyautar da ake miƙawa. Gaskiya ne a cikin abubuwan bautarsu akwai na wuta, Agni, wanda ake kewayawa ranar ɗaurin aure. Amma a arti hasken ne ake ɗauka a kai gaban wani. Da na tambayi Mataji me zai yi da 'yar fitilarta, sai ta kawo wani baiti daga tsoffin littattafansu da ake karantawa a irin wannan lokaci. Ma'anarsa, yadda aka fassara mini, ita ce a inda yake rana ba ta haskawa, ko wata, ko taurari, ko walƙiya, balle wannan 'yar wutar. Shi ne ke haskawa, sauran duka daga gare shi suke ara. Ta ce saboda haka ba ƙara masa komai take yi ba, nasa take mayar masa, don ta shaida cewa hasken idonta da na hankalinta aro ne.

Jikar ta ƙara mini da abin da aka koya musu. Ta ce bakunan nan 5 suna tsaye ne a madadin abubuwa 5 da suka yarda da su aka gina duniya da jikin mutum: ƙasa, ruwa, wuta, iska da sarari. Wasu kuma sukan ce gani ne da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, mutum ya tattaro su duka ya miƙa. Man shanun shi ne halayen da suka taru a zuciya, lagwanin shi ne son kai, in wutar sani ta kama sai su riƙa cinyewa tare. Ta kuma ce in da zan leƙa tsoffin gidajen bautarsu, zan tarar ɗakin can ciki inda gunkin yake ba shi da taga, duhu ne ƙirin. Sai mai jagorantar bauta ya ɗaga fitila ne jama'a ke ganin ƙafa, su ga hannu, su ga fuska. Wannan ganin shi ne abin da suka zo nema, darshan, kuma sun yi imani su ma a lokacin ana ganin su.

Da aka gama, yarinyar ta zagayo da tiren. Kowa yakan kifa tafukansa a saman harshen wutar, ya shafa a ido da ka, don a wurinsu wutar ta ɗauko albarka ta dawo da ita. Bisa sabo ta miƙo mini. Na mayar da hannuwana baya. Mataji ta yi mata magana da harshensu, ta wuce, kuma ba a sake miƙo mini ba har muka bar gidan.

A nan ne hanyarmu ta rabu, kuma ban ɓoye musu ba. Gumakan nan hannu ne ya ƙera su, na ga shagunan da ake sayar da irinsu a kasuwa. Jikar ta ce mini ita a ganinta Ubangiji ɗaya ne, siffofin wurin tsayar da hankali ne kawai. Kakarta kuwa ta yarda yana sauka a cikinsu da gaske in an yi musu abin da ya kamata. Na ce mata mu an gaya mana a Suratuz Zumar cewa mutanen da ma haka suka ce, wai ba sa bauta musu sai don su kusantar da su ga Allah, kuma ba a karɓa daga gare su ba. Na ce mu babu abin da ke tsayawa tsakanin goshinmu da Shi. Ta saurare ni, ni ma na saurare ta, ba wanda ya ɗaga murya. Littafin da ya hana ni sunkuyawa shi ne dai ya hana ni zagin abin da suke kira, a aya ta 108 ta Suratul An'am, kuma na riƙe biyun tare iyakar iyawata.

Wani abin da zaman ya jawo mini shi ne na koma wa ayar haske ta Suratun Nur, aya ta 35, wadda na haddace tun ina 'yar Islamiyya. Alkuki, fitila a cikinsa, fitilar a cikin ƙarau, man zaitun da ya kusa haskawa ko wuta ba ta taɓa shi ba. Na taso a zamanin lantarki da tocila, ban taɓa zama na kalli yadda lagwani ke jan mai ba sai a gidan Mataji. Bayan haka in na zo ayar nakan dakata in maimaita.

Duk wanda ya je Banaras sai an ce masa ya ga artin kogi, mu ma an kai mu. Garin yana bakin Kogin Ganga, da matakalai na dutse sama da 80 masu gangarawa cikin ruwa, su ne gat. A babbansu, Dashashwamed, ake yin na yamma kullum, a ɗauki kamar minti 45. Mun hau kwale-kwale muka kalla daga ruwa. Samari ne a jere cikin tufafin siliki, kowa a kan ɗan dandamalinsa. Suka fara da busa babbar katantanwar teku, sai turare, sai manyan fitilu masu hawa-hawa da ke cin wuta a kowane hawa, sai kaskon kafur mai siffar kan kumurci, sai mafici na gashin ɗawisu. Kowane abu sai an juya da shi ta dukkan kusurwoyi. Kogin ne ake yi wa, don su uwa suke ɗaukar sa. Mutane na ta sakin 'yan kwanonin ganye masu fure da wuta a kan ruwa.

Abin yana da kyan gani, ba zan hana shi ba. Amma rabin jama'ar wayoyi suka ɗaga, masu kwale-kwale na cinikin kuɗi, masu shayi na ratsa mutane. Ni dai a nawa ganin, wanda yake son sanin abin da fitilar nan take nufi a zuciyar mai ita, a lungun tsohuwa irin Mataji zai gan shi, inda babu mai kallo. Ita kanta ta ce mini ta fi son na asuba. A Kashi Bishwanat, babban ɗakin bautar Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, wanda sarauniya Ahilyabai Holkar ta sake ginawa a 1780, wajen ƙarfe 3 na dare ake yin artin farko. Da tana da ƙafa, ta ce, can take zuwa. Ni ban shiga ba. Na dai ga hasumiyoyin masallacin Gyanbapi da ke manne da shi, wanda har yau ake shari'a a kansa.

Kada a ɗauka garin babu Musulmi. Suna da yawa, su ne masaƙan sarin Banaras da ya yi suna a duniya, kuma a unguwarsu ta Madanpura muke samun nama da kayan azumi. A garin ne Bismillah Khan ya yi rayuwarsa, mai busa shehnai, wata irin algaita, har ya rasu a 2006, kuma 'yan Hindu na alfahari da shi yadda Musulmi ke yi. Zaman nasu akwai daɗi akwai tsami, mun ji duka biyun daga bakin mutanen Madanpura.

Jarrabawata ta gaske ta zo ne bayan wata damina, lokacin da sauro ya yi yawa. Ɗana ya kamu da zazzaɓin dengi. Jiki ya yi zafi rau, ya daina cin abinci, aka kwantar da mu a asibiti. Kullum sai an ɗebi jini, kullum a ce ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun ƙara raguwa. Ba uwa, ba 'yar uwa, ba maƙwabciyar da za ta ce sannu da Hausa. Maigida yana tsakanin asibiti da kantin magani. Jikar Mataji ce ke zuwa safe da yamma da kwanon kicari, wato shinkafa da dal, wani irin wake, da aka dafa ta yi laushi, da ruwan ganyen gwanda a kwalba. Takan karɓe ni in samu in yi salla. Dare kuwa ni da sallaya ne, ina faɗa wa Allah abin da Ya riga Ya sani. Cikin ikonSa yaron ya farfaɗo, aka sallame mu.

Muna sauka daga keke a ƙofar gida, sai ga Mataji tsaye a bakin ƙofa da tirenta, fitila na ci. A al'adarsu ba gumaka kaɗai ake yi wa arti ba. Ana yi wa ango da amarya, da babban baƙo, da wanda ya dawo daga tafiya mai nisa ko ya tashi daga ciwo, don a yi masa maraba a kuma kore masa kambun baka. Ta ɗago tiren za ta zagaya fuskar yaron da ke kafaɗata.

Wallahi ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Matar nan ita ta ciyar da mu. Na ja da baya na ce, "Mataji, ki yi haƙuri, ki yafe mini. Wannan ba zan iya ba." Hannunta ya tsaya a sama. Na ga fuskarta ta canza. Jikar ta ce da ni a hankali, "Didi, tun ranar da kuka tafi, kullum da sunansa take kunna fitilar nan." Hawaye ya zubo mini. Na ce ta gaya mata na san ƙauna ce, kuma ba zan manta ba har in mutu, amma yaron nan amana ce a hannuna, Wanda ya ba ni shi kuma bai yarda in nema masa tsari a wurin kowa ba sai a wurinSa. Na ce mu ma muna da abin da muke karanta wa yara don kambun baka.

Tsohuwar ta yi shiru. Sai ta juya ta miƙa wa jikarta tiren ta ce ta kai ciki. Ta goge hannunta da gefen sari, ta miƙo su haka nan babu komai, ta karɓi yaron ta rungume. Sannan ta ce, "To yi naki, beti. Yi yanzu, a nan, ina riƙe da shi." A bakin ƙofar nan, mai keke na jiran kuɗinsa, na karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, na tofa a hannuna na shafe shi daga kai har ƙafa, yana jikinta. Da na gama ta sumbaci goshinsa ta ce mu shiga, abinci na sanyi.

Na san akwai waɗanda za su ce me ya kai ni kusa da ita tun farko. Na san kuma akwai masu cewa da na bari ta juya fitilarta, me zai rage ni da shi. Duka biyun ban bi ba, kuma in yau za a sake, abin da na yi shi zan ƙara yi. Maigida ya tuna mini aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, inda Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. Wannan kuwa gidanta ma ta ba mu.

Bayan haka zamanmu ya ƙara daɗi. Da Diwali, bikin da suke tuna dawowar Rama, wani abin bautarsu, garin Ayodiya bayan shekara 14 a daji, ta jera fitilu a ko'ina a gidan amma ta tsallake matakalarmu. Alewar da ta aiko mana kuma sai da ta sa aka jaddada mini daga kanti take, ba prasad ba ce, wato ba a ajiye ta a gaban gumaka ba. Da azumi ya zo takan aiko a tambayi ƙarfe nawa muke shan ruwa, ta sa a kawo mana kankana ko mangwaro. Ni kuma na koya wa jikarta ƙosai da kunun gyaɗa, tunda babu nama a cikinsu, tsohuwar ta riƙa sha da safe. Ɗana Dadi yake ce mata, wato kaka, ya iya Hindi fiye da mu duka.

Mun dawo gida da 'yan shekaru jikar ta kira ni a WhatsApp ta ce Mataji ta rasu. An kai ta Manikarnika, gat ɗin da ake ƙona gawa, ɗanta ya sa wutar, aka yi zaman makoki na kwana 13. Na yi kuka ƙwarai. Tana da rai kullum ina roƙa mata shiriya a sujada, na kuma faɗa mata abin da na yi imani da shi gwargwadon bakina. Da ta tafi, addu'ar da na saba yi wa mamata ba ni da izinin yi mata, wannan kuwa yana ci mini rai har yanzu. Na yi wa iyalanta ta'aziyya, na gaya musu alherin da ta yi mana ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su sani ba.

Zumunci da jikar bai yanke ba. Da aurenta ya tashi, na haɗa mata turmin atamfa da kwalbar turaren wuta na Maiduguri, na ba wani ɗalibi da zai koma jami'ar ya kai mata. Ta kira tana murna, tana tambaya yadda ake amfani da shi. Na ce mata na ɗaki ne da tufafin amarya, ta samu garwashin da ya ruru sosai ya daina hayaƙi, ta zuba kaɗan-kaɗan, in ta cika zai ƙone ya yi ƙauri.